Mita 200 a layin keke: mutuwar Paul Varry da rikicin rabon titi a Paris

Ranar Talata 15 ga Oktoba 2024, wajen ƙarfe shida saura kwata na yamma, daidai lokacin da ma'aikata ke tashi daga ofis titunan Paris suka cika maƙil, wata jif ƙirar Mercedes ta bar layin motoci a titin Malesherbes, kusa da cocin Madeleine a gunduma ta 8, ta faɗa layin da aka ware wa masu keke. Direban mutum ne mai shekara 52. Yana ɗauke da 'yarsa matashiya zai kai ta wurin likita, yana ganin lokaci na ƙure masa. Ya yi tafiyar kusan mita 200 a cikin layin da ba nasa ba.

Abin da ya biyo baya, ofishin mai gabatar da ƙara na Paris ne ya fayyace shi, daga bakin shaidu da kuma hotunan kyamarar tsaro. Tayar motar ta hau ƙafar wani mai keke da ke gefenta na hagu, Paul Varry, ɗan shekara 27. Paul ya bugi bonet da hannu don direba ya ankara. Direban ya yi ribas kaɗan, ƙafar ta fita. Paul ya saki kekensa, ya tsaya ta gaban motar daga hagu yana nuna ɓacin ransa. Sai direban ya murza sitiyari, tayoyi suka juyo wajen Paul, ya taka mota ta yi gaba. A hoton kyamara an ga gaban motar ta ɓangaren hagu ya ɗaga, sannan bayanta ma ya ɗaga. Binciken gawa ya tabbatar da cewa mota ta bi ta kansa. Masu agajin gaggawa sun iso, amma rai ya yi halinsa a wurin.

An kama direban nan take. Gwaji ya nuna bai sha giya ba, bai sha ƙwaya ba. Ranar Juma'a 18 ga wata alƙali mai bincike ya tuhume shi da kisan kai, aka tsare shi. Shi dai ya musanta cewa da gangan ya yi, lauyansa kuma ya ce ruɗewa ce ta sa motar ta ƙwace masa. Tantance niyya aikin kotu ne, ba na mai rubutu ba. Amma nau'in tuhumar kansa abin lura ne, domin a Faransa yawanci idan direba ya kashe mutum a titi, da kisan kuskure ake tuhumarsa, wanda hukuncinsa na asali bai wuce shekara 5 a kurkuku da tarar yuro 75,000 ba, sai in akwai abin da ya ƙara wa laifin nauyi. Kisan kai kuwa hukuncinsa yana kai wa shekara 30. Wato masu bincike sun kalli motar ne a matsayin makami.

Paul mazaunin Saint-Ouen ne, garin da ke manne da Paris ta arewa, kuma mamba ne a ƙungiyar Paris en Selle mai fafutukar kare masu keke. Yana cikin waɗanda ke zama su zana inda ya kamata a yi layin keke da inda ya kamata a gyara mahaɗa a garinsu, su kai wa hukuma. Wannan ya sa mutuwarsa ta girgiza mutanen ƙungiyoyin keke fiye da kima: mutumin da ya san dokar titi ciki da waje, yana tafiya a inda doka ta ce ya bi, nan aka take shi.

Yadda titin ya canza hannu

Ruwa ba ya tsami banza. Kafin a fahimci abin da ya sa mutum biyu da ba su taɓa ganin juna ba suka kai ga haka cikin 'yan daƙiƙoƙi, sai an koma baya an ga yadda Paris ta sake rabon titunanta.

A shekarun 1960 da 1970 manufar gwamnati ita ce a buɗe wa mota hanya. A 1967 aka buɗe babbar hanyar motoci a bakin kogin Seine, wadda daga baya aka sa wa sunan shugaban ƙasa Georges Pompidou. A 1973 aka kammala titin zobe mai tsawon kilomita 35 da ya kewaye birnin. Duk wanda ya koyi tuƙi a Paris a wancan zamani da shekarun da suka biyo baya, ya taso ne da sanin cewa kwalta ta mota ce, mai tafiya a ƙasa yana da gefen titi, mai keke kuma ya nemi inda zai raɓa.

Sauyi ya fara ne a hankali. A watan Yulin 2007 magajin gari Bertrand Delanoë ya ƙaddamar da Vélib', kekunan haya da mutum zai ɗauka a wata tasha ya ajiye a wata. Da Anne Hidalgo ta karɓi birnin a 2014 sai abin ya ƙara gudu. A 2016 ta rufe wa motoci wani sashe na hanyar bakin kogi. Aka kai ƙara, kotu ta soke rufewar a Fabrairun 2018, Hidalgo ta sake fitar da sabon umarni a watan Maris, wannan karon ya tsaya. Yajin aikin ma'aikatan sufuri na Disamban 2019 ya tilasta wa dubban mutane hawa keke, sannan annobar korona ta zo a 2020, mutane suka guje wa cunkoson jirgin ƙarƙashin ƙasa, hukumar birni ta shata layukan keke na wucin-gadi na kimanin kilomita 50 cikin 'yan makonni da fenti mai ruwan ɗorawa da sandunan roba. Titin Rivoli, wanda ya ratsa tsakiyar birnin ta gaban gidan tarihi na Louvre, aka hana yawancin motoci binsa. Daga 30 ga Agusta 2021 gudu a yawancin titunan birnin ya koma kilomita 30 a awa. Aka kuma ware yuro miliyan 250 don shirin keke na 2021 zuwa 2026.

Sakamakon ya fito a alƙaluma. Wani bincike da cibiyar Institut Paris Région ta wallafa a Afrilun 2024 ya nuna cewa a cikin birnin, kashi 11.2 cikin ɗari na zirga-zirga da keke ake yi, mota kuwa kashi 4.3. Fiye da rabi da ƙafa ake yi, kashi 30 kuma a bas da jirgi. Gida ɗaya cikin uku ne kawai a Paris ke da mota. Ga mai karatu da ya saba ganin keke a matsayin abin hawan wanda bai samu halin sayen babur ba, ya kamata a faɗa cewa a can lauya da malamin jami'a da uwa mai kai yara makaranta duk keke suke hawa, tare da matasa masu kai saƙon abinci, waɗanda da yawansu baƙi ne 'yan ci-rani.

Watan Oktoban 2024 kansa wata ne mai zafi ga direbobi. A ranar 1 ga watan ne sabon kuɗin fakin na manyan motoci ya fara aiki, bayan ƙuri'ar da aka kaɗa ranar 4 ga Fabrairu, inda kusan kashi 55 na masu zaɓe suka amince a ninka shi sau uku ga motoci masu nauyi na waɗanda ba mazauna unguwar ba: yuro 18 a awa a tsakiyar birni, 12 a sauran gundumomi. Waɗanda suka fito ƙuri'ar ba su kai kashi 6 cikin ɗari na masu rajista ba, kuma masu adawa ba su daina nanata wannan ba. A cikin watan ne kuma aka rage gudun titin zobe daga kilomita 70 zuwa 50. Ba ina cewa waɗannan ne suka sa wani ya taka mutum ba. Ina nuna irin yanayin da ake ciki ne kawai.

Kukan direba

Mai mota yana da abin faɗa, kuma rashin adalci ne a yi kamar ba shi da shi. Da yawa daga cikin masu shigowa Paris da mota ba mazauna birnin ba ne. Daga garuruwan kewaye suke zuwa, inda gidan haya ya fi sauƙi, inda kuma jirgi ba ya kai wa ko'ina. Akwai mai gyaran famfo da kayan aikinsa, akwai direban tasi, akwai mai kai kaya shaguna, akwai mai jinyar tsoho. Waɗannan ba su da ƙuri'a a zaɓen magajin garin Paris, amma hukuncinsa a kansu yake sauka. Titin da jiya yake da layi uku yau ya koma ɗaya, hanyar da suka saba bi an mayar da ita ta tafiya ɗaya, wurin ajiye mota ya ragu. Suna tsaye a gosulo suna kallon keke na wuce su fiu, wani lokaci ma ta tsallake jar danja.

Batun danjar nan shi ne ya fi ci musu rai, kuma a nan akwai rashin fahimta na gaske. Tun 2012 dokar Faransa ta yarda a liƙa wani ƙaramin allo mai kusurwa uku a jikin sandar danja, da hoton keke da kibiya, wanda ke ba mai keke izinin wucewa ko da ja ta kama, ta ɓangaren da kibiyar ta nuna, muddin ya ba masu tafiya a ƙasa da sauran ababen hawa hanya. Tun 2008 kuma, a unguwannin da gudu bai wuce kilomita 30 ba, ana barin keke ya bi titin tafiya ɗaya ta kowane ɓangare. Akwai kuma fili da ake shatawa a gaban danja don masu keke su tsaya gaban motoci, direba ya gan su kafin a tashi. Mutumin da ya karɓi lasin a 1995 ba wanda ya sake kiransa aji ya koya masa waɗannan. Sai ya ga mai keke ya tunkaro shi a titin tafiya ɗaya, ya ɗauka ɗan ganganci ne, ya danna masa oda, ya matse shi, alhali mai keken yana kan doka.

Amma ba duk tsallake danja ne ke da allo ba. Akwai masu keke a Paris da ba sa tsayawa ko'ina, masu hawa gefen titi, masu tafe da dare ba fitila, masu ratsa tsakiyar masu tsallaka titi kamar ba mutane ba. Wanda ya fi shan wahalar wannan shi ne tsoho mai sanda da makaho da mai tura keken jariri. Kukansu ya yi yawa har hukumar birni ta fitar da wani kundin ƙa'idojin titi a 2023 wanda ya sa mai tafiya a ƙasa a gaba da kowa. A shekarar ce kuma mazauna birnin suka kaɗa ƙuri'ar korar 'yan ƙananan baburan lantarki na haya da ake tsayawa a kai, aka kwashe su daga 1 ga Satumba. Mai keken da ke tsorata tsohuwa a mashigar titi yana yi mata irin abin da yake kukan ana yi masa, kuma ƙungiyoyin keke sun rage wa kansu daraja duk lokacin da suka kau da kai daga wannan.

Inda awo bai zo ɗaya ba

Bayan mutuwar Paul, a gidajen talabijin da rediyo, an yi ta jin masu cewa kowa na da laifi, a yi haƙuri da juna, a girmama juna. Har wasu suka riƙa tambaya: me ya kai shi bugun motar mutane? Wannan tambaya ta dame ni ƙwarai, kuma ina ganin a cikinta matsalar take.

Mutum ne tayar mota ke kan ƙafarsa. Ba shi da oda mai ƙara, ba shi da ƙarfen da ya kewaye shi, gilashin direba a rufe. Hannunsa ne kaɗai abin da zai iya sanar da direba da shi. Duk wanda ya taɓa hawa keke a cikin motoci ya san wannan bugun, na cewa "ga ni nan, ka tsaya". Amma a kunnen direbobi da yawa, taɓa mota daidai yake da taɓa mutuncinsu. Masu keke a Faransa sun daɗe suna ba da labarin yadda ƙwanƙwasa gilashi ɗaya ke jawo a fito musu da zagi, ko a bi su da mota, ko a sha gabansu a taka birki. Abin da bai kai a yi tsaki a kai ba idan a layin burodi ne, a titi sai ya zama abin zub da jini, saboda ɗaya daga cikin masu faɗan yana riƙe da abin da zai iya kisa da motsin ƙafa ɗaya.

Jif irin wadda aka yi amfani da ita nauyinta ya haura tan 2. Mai keke da kekensa da jakarsa da wuya su kai kilo 100. Idan mai keke ya yi fushi ya huce a kan mota, mafi muni fenti ya kwarzane ko madubi ya karye. Idan direba ya yi fushi ya huce a kan mai keke, gawa ake ɗauka. Saboda haka ko da fushin ɗaya ne, ko da rashin kunyar ɗaya ce, nauyin da ke kan kowannensu ba ɗaya ba ne, kuma duk maganar da ta jera su a sahu ɗaya ta ɓoye wannan. A 2023 masu keke 221 ne suka mutu a titunan Faransa, cikin mutum 3,167 da hatsarin hanya ya ci a shekarar. Yawancinsu ma ba a manyan birane suka mutu ba, a hanyoyin karkara ne, inda mota ke gudu kuma babu layin keke ko na fenti. Dokar ƙasar ta ce direba ya bar tazarar mita 1 idan zai wuce mai keke a cikin gari, mita ɗaya da rabi a wajen gari. Mai keken da aka taɓa wuce shi har iskar mota ta kaɗa shi ya san sau nawa ake bin wannan doka.

Siffar motar ma tana da nata. Cibiyar IIHS ta kamfanonin inshora a Amurka ta wallafa bincike a 2023 da ya nuna cewa motocin da tsayin gabansu ya haura kimanin mita 1 sun fi ƙananan motoci masu gangararren gaba yiwuwar kashe mai tafiya a ƙasa da kusan kashi 45 cikin ɗari. Dalilin a fili yake. Ƙaramar mota ƙafa take duka, mutum ya faɗa kan bonet. Doguwar mota ƙirji da ƙugu take duka, ta tura mutum ƙasa, ta bi ta kansa. Kuma direban da ke zaune can sama bai cika ganin abin da ke dab da tayarsa ba.

Akwai kuma abin da ke cikin kai. Wasu masu bincike a Ostareliya, a 2019, sun tambayi mutane yadda suke kallon masu keke, sai kusan rabin waɗanda ba sa hawa keke suka sanya su a matakin da bai kai cikakken ɗan Adam ba, kuma waɗannan ne suka fi amsa cewa sun taɓa matse mai keke ko tare masa hanya da gangan. A Faransa kanta, binciken da gidauniyar Vinci Autoroutes ke yi duk shekara yana nuna cewa kusan direba biyu cikin uku sun amsa suna zagin wasu a titi. Alƙaluman hukumar kiyaye haɗurra kuma sun nuna fiye da kashi 80 cikin ɗari na waɗanda ake ɗora wa alhakin hatsarin da aka rasa rai maza ne. Wannan ya sa wasu jami'an birnin Paris da 'yan ƙungiyoyi suka kawo batun girman kai na maza a bayan sitiyari, maganar da ta ɓata wa mutane da yawa rai, amma alƙaluman suna nan.

Abin mamaki shi ne dokar Faransa ta daɗe da yarda da wannan bambancin nauyi, a fannin diyya. Dokar 5 ga Yuli 1985, wadda ake kira da sunan ministan shari'a na lokacin Robert Badinter, ta ce idan mota ta raunata mai tafiya a ƙasa ko mai keke, inshorar motar ce za ta biya diyyar raunin jikinsa ko da shi ma ya yi kuskure, sai fa in kuskuren nasa ya wuce a yafe kuma shi kaɗai ne sanadin hatsarin. Ingila ma a Janairun 2022 ta rubuta a kundin dokokin hanyarta cewa wanda abin hawansa ya fi iya cutarwa shi ya fi ɗaukar nauyin kiyayewa. A takarda an gane. A kwalta ne ba a gane ba.

Laifin farko

A ganina, wurin da ya fi cancanta a tsaya a duba a wannan lamari shi ne mita 200 ɗin farko, kafin taya ta hau ƙafa, kafin kowa ya ɗaga murya. Mutum mai hankalinsa, bai sha komai ba, da 'yarsa a gefe, ido na ganin ido a ɗaya daga cikin unguwannin da suka fi tsaro a Faransa, 'yan mintuna daga fadar shugaban ƙasa, ya yanke shawarar shiga layin keke don ya tsere wa gosulo. Bai yi haka ba sai don yana da yaƙinin ba abin da zai same shi. Tarar laifin yuro 135 ce, amma tara ba ta hana komai idan mutum ya saba ganin ana yi ana wucewa lafiya. Duk mai keke a Paris zai gaya maka sau nawa a rana yake tarar da motar kai kaya a tsaye cikin layinsa da fitilun gargaɗi suna walƙiya, ko babur yana bin bayansa yana matsa masa, ya tilasta masa fita tsakiyar motoci.

Hukumar birni ta sake rabon titi da sauri, kuma ina ganin ta yi daidai, domin birni mai mutum sama da miliyan 2 a fili mai murabba'in kilomita 105 ba zai iya ba kowa wurin mota ba. Amma shata layi ya fi tsare shi sauƙi. An ba mai keke haƙƙi a rubuce, aka bar shi ya kare haƙƙin da jikinsa, shi da kansa ya zama ɗan sandan layinsa, ya riƙa gaya wa baƙon da ke cikin ƙarfe tan 2 cewa nan ba wurinka ba ne. Tamkar a ba marayu gona ne a gefen burtali ba tare da shinge ba, a ce su yi ta kora da baki. Rikicin da ake kira na direba da mai keke, babban kasonsa giɓin da hukuma ta bari ne, mutane biyu suka haɗu a cikinsa.

Ƙungiyoyin keke sun ƙara da wani kuka, wanda ya shafi ofishin 'yan sanda. Bayan mutuwar Paul, tarayyar ƙungiyoyin masu keke ta ƙasa, FUB, ta nemi mutane su aiko da labarin abin da ya taɓa samunsu, kuma abin da ya yi ta maimaituwa shi ne: an matse ni da gangan, na je kai ƙara, aka ce tunda ban ji rauni ba ba abin da za a rubuta. Idan direba ya nuna wa mutum wuƙa, kowa ya san sunan laifin. Idan ya karkato masa da mota ya goge shi da madubi, sai a ce saɓani ne na hanya. Ƙungiyoyin sun dage a daina kiran irin wannan hatsari, a kira shi cin zarafi da abin hawa, a kuma riƙa ƙirga shi dabam.

Abin da ya biyo baya

Ranar Asabar 19 ga Oktoba, da ƙarfe shida saura kwata na yamma, mutane suka taru a garuruwa da dama na Faransa, galibi a gaban ofisoshin magadan gari, aka yi shiru na minti ɗaya. A Paris an taru a dandalin République. Ranar Litinin 21 ga wata ministan sufuri François Durovray ya gana da ƙungiyoyin, ya sanar da kafa kwamitin bincike kan tashin hankali a titi, aka ɗora wa Emmanuel Barbe, wanda ya jagoranci hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa daga 2015 zuwa 2020. Ya miƙa rahotonsa a Afrilun 2025 ga sabon minista Philippe Tabarot, da shawarwari 40. Sun shafi koyar da rabon hanya a makarantun tuƙi, da ƙara amfani da kyamara wajen cin tara, da tattara alƙaluman cin zarafin da ake yi da abin hawa, da gyaran yadda ake tsara tituna. Wasu 'yan siyasar Paris, irin su sanata Ian Brossat, sun nemi a ba birane ikon hana manyan jif shiga. A Yulin 2025 birnin ya sa wa layin keke na titin Réaumur sunan Paul Varry.

A watan na Yuli ne kuma Faransa ta kafa sabon laifi mai suna kisan hanya, ga direban da ya kashe mutum yana cikin maye, ko ba lasin, ko yana riƙe da waya, ko yana gudun da ya wuce kima. Fafutukar wannan doka ta girmi lamarin Paul. Iyalan waɗanda aka kashe ne suka daɗe suna nema, ciki har da fitaccen mai dafa abinci Yannick Alléno, wanda wani direba ya kashe ɗansa a Paris a 2022. Ba ta shafi shari'ar titin Malesherbes kai tsaye ba, tunda tuhumar can ta fi ta nauyi, amma ta cire kalmar "kuskure" daga inda iyalai suka daɗe suna jin ta kamar cin fuska.

Sai dai a daidai makonnin da ministoci ke ta'aziyya, wani abu na tafiya a ma'aikatar kuɗi. A 2023 firaminista Élisabeth Borne ta yi alkawarin yuro biliyan 2 ga shirin keke da tafiyar ƙafa har zuwa 2027, ciki har da miliyan 250 duk shekara don taimaka wa ƙananan hukumomi su gina layukan keke. A daftarin kasafin 2025 da gwamnatin firaminista Michel Barnier ta gabatar a kakar 2024, wannan kuɗi ya ɓace, ɗaruruwan ayyukan da garuruwa suka riga suka tsara suka tsaya cik. Paris tana da aljihun da za ta ci gaba da nata. Ƙananan garuruwa da ƙauyuka, inda yawancin masu keken ke mutuwa, su ne ba su da shi. Da François Bayrou ya karɓi gwamnati, ya sanar a farkon 2025 cewa za a mayar da yuro miliyan 50, kashi ɗaya cikin biyar na abin da aka yi alkawarin bayarwa duk shekara.